Ku Zauna, Ina Zuwa

Ana gobe za a zo duba koyarwarta, Yayar Aji ta naɗe kwalayen da ta zana, ta ce za ta je makaranta ta manna su a bango kafin duhu ya yi.

'Yan ajinsu na kwalejin horon malamai ne suka laƙaba mata wannan suna, domin ta girme su duka, har da wasu daga cikin malaman. Ta daɗe tana ɗinki kafin ta rufe keke ta ce karantarwa za ta koya. Jarrabawar takarda ba ta taɓa ba ta wahala ba. Abin da ya rage mata shi ne koyarwar gwaji, inda ake tura ɗalibi firamare ya tsaya gaban yara na gaske, malama daga kwaleji ta zauna a bencin baya tana tara laifuffukansa. Bara ta faɗi. Wanda ya faɗi sau biyu kuwa, kwaleji takan yi masa fatan alheri a wata sana'ar.

Laifin nata guda ne: tsoron shiru. In ta yi tambaya, kafin yaro ya haɗiye yawu ta riga ta ba da amsa. Malamar da ke duba ta, wadda ɗalibai ke kira Jan Biro, ta gaya mata bara a gaban ofis:

"Yaya, ke kika yi tambaya, ke kika amsa, ke kika yaba wa kanki. To yaran me suka zo yi, rakiya? In kin yi tambaya ki kulle bakinki ki jira. Shiru ba ya cizo."

Innarta na tsakar gida tana tsince wake a faranti ta gan ta da mayafi.

"Yanzu da yamman nan? Benci za ki koya wa karatu?"

"Su ne ba sa yi mini dariya, Inna."

"To, Allah ya ba su sa'ar jarrabawa. Kada dai ki kai magariba."

Ta tarar da ƙofar makaranta a buɗe, ajinta kuma da kwado, makullin ya tafi gida a jakar shugabar makaranta. Ta tsaya da kwalaye a hammata tana tsaki. Sai ta hango ɗakin da ke ƙarshen jerin azuzuwa, ƙofarsa a ɗan buɗe. Tun zuwanta ba ta ga an shiga shi ba, ta ɗauka wurin jibge karyayyun kujeru ne. Bangonsa tsoho, kwanon rufinsa ya fi na sauran sabunta.

Babu karyayyen abu a ciki. Bencina ne a jere, layi-layi, ƙura ta kwanta a kansu. Warin jemage da na tsohon alli. Allo na nan a bango, ya yi fari-fari don tsufa. Ta ce a ranta tunda ta zo, bari ta gwada darasin sau ɗaya.

Ta ajiye kwalayen a tebur, ta rubuta a allo: ABUBUWAN DA TSIRO YAKE BUƘATA. Ta juyo ta gyara tsayuwa.

"Barkanku da safiya, yara," ta ce, rana na faɗuwa a bayan taga.

Ta zana jijiya, ta zana ganye, ta yi bayani da murya mai kyau. Sannan ta zo wurin da take faɗuwa.

"Wa zai gaya mini abu ɗaya da tsiro yake buƙata don ya rayu?"

Amsar ta taso mata har bakin harshe. Ta cije ta. Ta haɗa hannuwa a baya kamar yadda aka koya musu, ta jira. Can nesa wata mota ta wuce. Hasken taga ya koma ja. Ba ta taɓa jira haka ba a rayuwarta, har ta fara jin daɗin kanta.

Ƙas.

Kwano yakan yi irin wannan ƙara idan ya fara hucewa da yamma. Ta san da haka. Kowa ya san da haka.

Ƙas. Ƙas-ƙas.

Ba daga sama yake zuwa ba. Daga bencin gaba ne. Ƙarar da yaro yake yi da yatsu in ya ɗaga hannu yana so malama ta gan shi. Wani ya ɗauka daga dama. Wani daga tsakiya.

A kwaleji ana nanata musu cewa kada malami ya riƙa kiran na gaba masu zumuɗi, ya nemi wanda ya yi shiru a baya. An maimaita mata wannan har ya zauna mata a harshe, kuma harshen bai tsaya neman shawararta ba.

"Ke ta baya, kusa da taga."

Yatsun suka tsaya. Benci ya yi ƙara, kamar an miƙe.

"Ruwa, Malama."

Murya ce 'yar ƙarama, a dishe, irin ta mai mura.

Ɗakin ya cika da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ba a yi ruwa ba a ranar, ko hadari babu. Sanyi ya kama ta a idon sawu.

"Da kyau," bakinta ya ce. "A tafa mata."

Aka tafa. A hankali, a tare, kamar tafin hannuwa masu laima.

Allin ya faɗi daga hannunta. Ta fara ja da baya tana lalube bango. Ta tarar da ƙofar a rufe. Ta ja. Katakon ya kumbura ya cije, kamar wanda ya kwana cikin ruwa.

"Malama."

Ta ja da hannu biyu.

"Malama, mun yi shiru."

"Ba mu motsa ba, Malama."

Bencina suka shiga ƙara ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan ƙafafu suna sauka ƙasa. Suna takowa cikin ruwa, caɓal, caɓal.

"Malam ya ce mu jira shi."

"Ƙafata ta sage, Malama."

Ta nemi addu'a, ta rasa farkonta.

Wani abu ya kama gefen mayafinta daga ƙasa, daidai gwiwa. Bai fizga ba. Riƙo ne irin na yaron da yake so ya faɗi magana a kunne. Sanyinsa ya ratsa mayafin.

"Malama," ta baya ce, yanzu tana kusa, "mu tashi?"

Kalma biyu ta ishe su: ku tashi. Daga baya ta yi ta juya wannan a ranta. Amma abin da ya fito shi ne abin da yake fitowa daga bakin kowane malami in yara sun yanyame shi a ƙofa yana sauri:

"Kowa ya koma wurinsa! Ku zauna. Ina zuwa."

Aka saki mayafin.

Ƙafafun suka juya. Bencina suka karɓi nauyi, layi bayan layi. Ɗakin ya yi tsit, tsit na yara masu jin magana.

Ta taɓa ƙofar, ta buɗe ba gardama.

Ba ta san yadda ta kai gida ba. Inna ta dube ta, ta dubi ƙafar zanen da ya jiƙe. Ta kawo mata bargo.

Da safe ta je ba kwali ko ɗaya. Ta ɗauki wani tsiro da Inna ta dasa a gwangwani ta ajiye a tebur. Jan Biro ta zauna a baya ta cire murfin biro. Da Yaya ta yi tambayar, ta jira, domin kunnenta yana can ƙarshen jeri. Yara suka dubi juna. Wani ya ɗaga hannu, wani ya bi, har wata da ba ta taɓa magana a aji ba ta ce hasken rana.

"Kin ci," in ji Jan Biro a waje. "Kin ma ɗan zarce da jiran, na ɗauka kin yi barci a tsaye. Wa ya koya miki?"

"Yara ne, Malama."

"Haka ake so. Su suka fi mu iyawa."

Yaya ta je ofis ta gaya wa shugabar makaranta cewa ta bar kwalayenta a ɗakin ƙarshe. Matar ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi.

"Ƙanwata, wa ya aike ki can?" Ta ajiye tabarau. "Tun kafin in zo nan ne. Ruwa da iska suka taso da rana tsaka. Malaminsu ya leƙa ofis ɗauko alli, ya ce su zauna yana zuwa. Da rufi ya fara ɗagawa, sauran azuzuwa duk suka watse waje da ihu. Su ba su fita ba, har ya rufto a kansu. Ajin da ake ba da misali da shi ne wajen ladabi." Ta numfasa. "Malamin bai sake riƙe alli ba. An yi sabon rufi, ba wanda ya yarda ya shiga. Wasu sun ce aljanu ne suka haddace muryoyinsu. Ni ban yarda da irin wannan ba. Ba na dai wuce la'asar a nan, saboda hawan jini."

Da rana tsaka Yaya ta je ta tura ƙofar. Ƙura, bencina, ƙadangare ɗaya a kan allo. Kwalayenta na tebur, sun yi laushi da laima.

"An tashi," ta ce. "Ku tafi gida."

Ƙadangaren ya gyaɗa kai. Ta san ba lokacin ba ne, sai da magariba. Ta ce gobe. Gobe ta zo ta ce jibi. Akwai wanda zai ce yunwa da fargabar jarrabawa sun isa su sa mace ta ji abin da ta ji, kuma ita ma ta gaya wa kanta hakan a 'yan kwanakin, ya kuwa taimaka mata ta zauna a gida. Aka yi hutu.

Ranar da ta tattara ƙarfin halinta ta koma, an rushe jerin gaba ɗaya, an baje wurin za a yi filin wasa. Ta tsaya a tsakiyar fili rana na faɗuwa, ta kasa gane inda ƙofar take. Ta ce su tashi su tafi gida. Ta faɗa ta gabas, ta faɗa ta yamma, ta faɗa har muryarta ta karye. Ba benci da ya yi ƙara.

Ta karɓi takardar shaidarta, aka tura ta wata makaranta mai nisa, kuma an ce malama ce ta kirki. Jakarta kullum da kwalin alli cikakke. In ta shiga aji ba ta fita sai an kaɗa ƙararrawa, ko shugaba ne ya aiko kiranta. Idan lokacin tashi ya yi takan ce, "Ku tashi, ku tafi gida," yara su yi waje da gudu. Sai ta tsaya a ƙofa ta riƙe ta a buɗe, ta sake faɗa wa ɗakin da babu kowa, a hankali.

Yaran sun ɗauka tsufa ne ya fara kama ta. Ba ta taɓa gyara musu ba.