Katin da Ya Sace Sauti

Ƙarfe uku da rabi na rana aka bugo wa ofis waya: an kashe mutum a sutudiyon waƙa, jama'a kuma suna shirin kashe na biyu.

Sufeto ya tarar da na biyun kwance a bakin ƙofa, mutum kusan ashirin a kansa, masu katako da masu bel. Wani har ya ɗaga bulo. Sai da Sajan ya harba bindiga sama sau biyu kafin suka dare. Wanda aka jibga mai gyaran kwamfuta ne. Haƙoransa biyu sun zube a ƙasa, hannu ɗaya na reto, riga jina-jina.

"Shi ne! A kan gawar muka same shi!"

"Ku sa shi a mota," in ji Sufeto. "Duk wanda ya ƙara taɓa shi, tare za su kwana."

Sutudiyon ɗaki uku ne a jere. Na farko falon jira, da kujeru da ƙatuwar talabijin a bango. An ragargaza ta da kujerar ƙarfe, akwai jini a jikin gilashin. Na biyu ɗakin na'ura, bango duk soso, ƙofa mai kauri. Nan mai sutudiyon yake, wanda ake kira Gwani, kife a kan tebur. An rotsa masa kai da ƙarfen da ake ɗora makirfo, har ƙarfen ya lanƙwashe. Na uku ɗan ƙaramin ɗakin da mawaƙi ke tsayawa, gilashi ne tsakaninsa da teburin. Ba a taɓa komai a ciki ba.

Kwamfutar ma lafiyarta ƙalau, fankarta na ta juyawa.

Sufeto ya dawo falo ya tsaya gaban talabijin.

"Sajan, in ka zo kashe mutum, me talabijin ta yi maka?"

"Wataƙila shirin ne bai yi masa ba, Oga."

"Kwashe gilashin mai jini."

A ofis, shugaban 'yan sandan yankin bai ma ɗago kai ba. "An kama shi dumu-dumu. Mutane sun cika bakin get, ko asibiti ba zan iya fitar da shi ba. Gobe kotu, kisan kai."

"Ba ni lokaci zuwa ƙarfe shida, Yallaɓai."

"Shida. Ko minti ɗaya ba ƙari."

Mai gyara na bayan kanta, yana numfashi da ƙyar. Sufeto ya tsuguna ya juya tafukan hannunsa. Jini ya bushe a kai, amma babu yanka ko ɗaya.

"Me ya haɗa ka da Gwani?"

"Ba komai, Yallaɓai. Ba mu taɓa sa-in-sa ba."

"Mutum uku sun ga ya mare ka da safe. In ka ƙara yi mini ƙarya, zan buɗe get in tafi shan shayi."

Mai gyara ya tofar da jini. "Katin hoto ne. Allon da ke tura hoto daga kwamfuta zuwa sikirin. Ya ce zai fara haɗa bidiyo, yana so baƙi su riƙa kallo a falo. Na ce masa wannan katin ba ya jituwa da akwatin sautinsa, kwamfutar waƙa ba ta son kwaramniya. Ya ce ni wa? Na sa masa, na ja waya zuwa talabijin. Muna kunnawa sauti ya fara ƙas-ƙas kamar ana suya. Sai mari."

"Sai ka dawo da rana ka rama."

"Shi ya kira ni! Ƙarfe ɗaya da rabi. Ya ce yanzu sautin ma ya ɓace gaba ɗaya, ga mawaƙi a tsaye. Na zo uku saura, na tarar da shi haka. Ɗago shi na yi."

"Wane mawaƙi?"

"Auta. Ƙanen Ƙaho."

Kowa ya san su, wa da ƙane masu waƙa tare. Ƙaho babba ne, murya kamar aradu a zamaninsa. Auta shi ne 'yan mata ke bi yanzu.

Aka kawo Auta cikin rabin awa, da baƙin tabarau. Sufeto ya sa ya cire. Idanun sun kumbura.

"Kuka ka yi?"

"Maigidana ne aka kashe."

"Yaushe ka bar wurin?"

"Wajen biyu. Aiki ya ƙi. Ina cikin ƙaramin ɗaki, hedifon a kunnena shiru. Ina ganin bakin Gwani na motsi a kan makirfon teburinsa, ya daɗe yana magana, ban ji ko a ba. Na yi masa alama, bai ɗago ba, idonsa na kan sikirin. Na gaji na tafi."

"Kai kaɗai ka je?"

"Ni kaɗai. Yaya na gida, zazzaɓi yake."

"Wa ya kai ka?"

"Da kaina na tuƙa."

Da ya fita, Sajan ya leƙo. "Oga, wannan ko keke bai iya ba. Duk gari an san wansa ke yawo da shi."

Bango ɗaya sutudiyon ya haɗa da shagon wata tela. Sufeto ya same ta tana taka keke kamar ba a yi kisa a maƙwabta ba.

"Iya, me kika ji?"

"Ɗan nan, ni ba na shiga sabgar mutane."

"To me ya shigo kunnenki da kansa?"

Ta ɗaga ƙafa daga keken. "Fim kawai. Sun ƙure talabijin, kamar kurame. Wani yana ta magana shi kaɗai, ba kiɗa ba komai. Wai, 'Muryar yayanka ta mutu. Shekara biyu ni ke ɗinke masa ita da na'ura.' Shi ya sa ma na riƙe, na ce ashe murya ma ana kai ta ɗinki. Sai ya ce, 'A sabon faifan nan na goge shi kaf, kamar yadda ka nema. Kada dai ka bari ya sani sai ya fito.' Daga nan sai ƙarar fashewa, kamar mota ta daki shago."

"Muryar wa ce?"

Ta dafe ƙirji. "Wayyo. Ai kuwa ta yi kama da ta marigayin."

Biyar saura kwata. Sufeto ya sa aka fito da mai gyara ta ƙofar baya, kwance a ƙasan mota, an rufa masa tabarma. Kafin su tashi Sajan ya ɗauko talabijin ɗin ofis. Da suka isa sutudiyon, suka haɗa ta da wayar da ke reto a bangon falo.

Mai gyara ya zauna gefen jinin, ya ja linzamin kwamfutar da hannun hagu. Ya duba, ya ƙara dubawa.

"Yallaɓai, ga ta nan. Akwatin sauti ya daina aiki, kwamfuta ba ta ganinsa. Shi kuma katin hoton yana da tasa hanyar sauti, ta cikin wayar talabijin. Gwani ya shiga jerin na'urori ya zaɓi abin da ya gani a sama. Ya ga alama na motsi, ya ɗauka hedifon ya dawo."

"Yi mini Hausa."

"Duk abin da ya faɗa a makirfon nan, falo yake tafiya."

Sufeto ya rufe ƙofa mai kauri. Ɗakin ya yi tsit kamar kabari. Ya danna makirfo, ya yi ƙasa da murya.

"Sajan, tumbinka ya kusa tsinka bel."

Bai ji komai ba. Sai ga ƙofa ta buɗe, Sajan ya shigo yana gyara wando.

"Oga, ai har titi an ji."

Gidan mawaƙan bene ne. Mahaifiyarsu ce ta buɗe, tsohuwa mai sanda, ta ce babban yana kwance. Sufeto ya ce ta yi haƙuri ta zauna a tsakar gida.

Ƙaho na zaune bakin gado, ƙato, gemu ya fara fari. Hannun damansa naɗe da tawul. Auta na raɓe jikin bango.

"Sannu da zazzaɓi. Mu ga hannun."

"Wuƙa ce. A kicin."

"Likita zai ciro mana gilashin, mu gwada da wanda muka kwaso."

Ƙaho ya miƙe. Sajan ya matso, ya sha gwiwar hannu a hanci, jini ya ɓalle. Ƙaho ya suri fitilar gefen gado ya kai wa Sufeto. Ta fashe a bango. Sufeto ya sunkuya, ya buga masa kulki a gwiwa, ya kama hannun mai tawul ya murɗe. Ƙaton ya yi ƙara ya durƙusa. Tawul ya warware. Tafin hannun a tsage yake daga yatsa zuwa wuyan hannu.

"Ku ƙyale shi!" Auta ya yi ihu. "Mai gyara ne! Na rantse!"

"Kai kana bayan gilashi, ka ga komai," in ji Sufeto, yana haki. "Ka bar mutum ya sha duka saboda yayanka. Amma abu ɗaya ne ba ka sani ba. Ka san me ya sa ya yi?"

Auta ya girgiza kai. "Ya ƙi faɗa mini. Kawai na ga ya shigo ya suri ƙarfe."

"Abin da Gwani ke gaya maka, wanda ba ka ji ba, a talabijin ɗin falo ya fita. Yayanka na zaune yana jiran ya mai da kai gida. 'Na goge shi kaf, kamar yadda ka nema.'"

Auta ya sulale ƙasa.

Ƙaho ya yi dariya mara daɗi, goshinsa a kan tabarma. "Da farko na ɗauka talla ce. Sai na ji 'yayanka'. Ni na koya wa yaron nan riƙe numfashi, Sufeto. A kafaɗata ya fara hawa dandamali. Na fasa talabijin don ta yi shiru. Ta yi shiru, maganar ba ta yi ba. Sai na shiga."

"Sau nawa ka buge shi?"

"Har ƙarfen ya gaji."

"Gwani aike kawai ya yi."

"Na sani." Ya juya kai ya kalli ƙanensa. "Wanda ya aike shi yana bayan gilashi, taku uku. Na kama hannun ƙofar. Cikinmu ɗaya. Na kasa."

"Yaya..." in ji Auta.

"Kada ka ƙara kirana haka."

Sufeto ya duba agogo. Shida saura minti bakwai. Ya ciro waya. "Yallaɓai, a yaga takardar mai gyara, a kai shi asibiti yanzu. Ina tafe da mai laifin, da wanda ya yi mana ƙarya."

Sajan ya sa wa Ƙaho ankwa, yana toshe hanci da hannu ɗaya. A tsakar gida tsohuwa ta miƙe a kan sandarta, tana kallon 'ya'yanta biyu a hannun hukuma.

"Me ka yi, babba?"

"Tambayi autanki, Inna," in ji Ƙaho. "Shi ke da murya yanzu."

Aka tura shi mota. Da aka zo sa Auta a gefensa, Sufeto ya ɗaga hannu.

"A'a. Wannan a nemo masa wata motar."