Saƙon Farkon Wata

Duk wanda ya ce maka arziki yana zubowa daga sama rana ɗaya kamar ƙanƙara, ka tambaye shi kan wa ta fasa. Mutumin da ake kira Mai Saƙo bai tsaya ya tambaya ba.

Sana'arsa ba ta da aibu. Wani ɗan ɗaki ya kama a saman shagon masu faci, mai matakalar ƙarfe da taga ɗaya, da fanka mai kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Yakan ajiye littafi da biro a kan kantar ƙananan 'yan kasuwa, irin su mai aski da mai gidan burodi da wata tela, duk abokin cinikin da ya yarda sai ya rubuta lambar wayarsa. Shi kuma ya kwashe lambobin ya zuba a kwamfuta. In mai burodi ya yi ragi, ko tela ta kawo sabon yadi, sai ya tura wa mutanen saƙo. A ƙasan kowane saƙo akwai layin da ƙa'idar aikin ta sa, cewa wanda ba ya so ya aiko da kalmar TSAYA a cire shi.

Wannan layin shi ne ƙurjin da ya hana shi zama. Shekara biyu yana tara lamba kamar mai ɗiban ruwa da kwando. In ya samu ashirin a mako, sha biyar za su ce TSAYA. Wani ya rubuta lambar ƙarya, wani ya rubuta zagi a inda aka bar wa suna. Jerin ya tsaya a ɗari takwas ya ƙi gaba.

Ga kuma Dogo a tsallaken titi, sana'arsu ɗaya, amma shi ƙofarsa ta gilashi ce. Ranar da mai burodi ya tattara ya koma wajen Dogo, sai da Dogo ya tsallako da kansa ya tsaya a gindin matakala, ya ce in littattafan nan sun yi wa Mai Saƙo yawa ya turo su, masu shago suna neman takardar naɗe kaya. Masu faci suka yi ta dariya har suna riƙe ciki.

A gida ma babu sauƙi. Matarsa ba ta da ɓoye-ɓoye, takan ce shi da ya yi alkawarin duk gari zai karanta saƙonsa, ita dai tukunyarta ba ta karanta ko harafi ɗaya ba. Ƙanensa Auta, wanda ke tuƙin motar kai kaya, ya ce ya sayar da kwamfutar su sayi taya. Uwarsu kaɗai, Inna, ke cewa sannu ba ta hana zuwa. Ita ce ma ke taya shi aiki ba tare da ta san tana yi ba. Yana da wata ɗabi'a irin ta masu sana'ar: kafin ya saki saƙo ga jama'a, sai ya fara gwada shi a ƙaramar wayar Inna mai maɓallai, domin babbar waya tana rufa wa saƙo asiri, ƙarama kuwa in ya yi tsawo sai ta raba shi biyu ta tona. Ya kira ya ce, "Inna, ta yi ƙara?" Ita kuma ta ce, "Ta yi, ɗan nan. Zo ka karanta abinka, ni idona ya gama aiki."

Wata rana da rana tsaka ya tafi wajen wani boka, a lokacin da inuwar mutum ke ɓuya a ƙarƙashin ƙafarsa. Wurin yana bayan filin da ake jibge matattun motoci. Ɗakin ba shi da taga, amma ba zafi a ciki, sanyi ne irin na rijiya. Daga rufi an rataye matattun wayoyi da jan zare, ɗaruruwa, suna juyawa a hankali ba tare da iska ba. A tsakiya akwai tukunyar ƙasa cike da baƙin ruwa, an kewaye ta da tsofaffin layukan waya da aka tsira a ƙaya, ga ƙoƙon kan ungulu a kife a gefe. Ƙudaje sun cika bakin ƙofa, amma ko ɗaya bai shiga ba.

Bokan siriri ne, farcensa duk sun yi baƙi. Bai amsa gaisuwa ba. Ya tambaye shi mutum nawa yake so a jerinsa, Mai Saƙo ya ce duk garin, kuma kada kowa ya sake fita, kuma duk wanda ya karanta ya tashi ya je ya saya.

"Bakinka ƙarami, cikinka kasuwa," in ji boka. "Me ka kawo?"

Mai Saƙo ya ambaci rago, ya ambaci sa. Boka ya tofa yawu a gefen tukunya.

"Masu ɗakin nan sun gaji da nama mai ƙafa huɗu. Ranar ɗaya ga kowane wata za ka saki saƙo. Wayar da ta fara ƙara, mai ita nasu ne."

"Ko wane ne?"

"Ba ruwansu da suna. Ƙara suke saurare."

Mai Saƙo ya yi lissafi a ransa. Shi ke tsara jeri, shi ya san wa ke sama wa ke ƙasa. Fuskar Dogo ta zo masa a rai, har ya ji leɓensa na neman yin murmushi.

"Na ga wanda ka gani," in ji boka. "Ni dai ban zaɓa maka ba, kada gobe ka zo kana mini ihu a ƙofa. Ka yarda, ko ka ba ni wuri."

Ya yarda. Boka ya cire layin wayar Mai Saƙo, ya tsaga masa babban yatsan da yake rubutu da shi, ya shafe layin da jinin ya tsoma a tukunya. Ruwan ya yi tafasa ɗaya, wayoyin da ke rataye suka tsaya cik. Sannan ya sa shi ya goge layin TSAYA da hannunsa a nan gabansa, ya ce ƙofar da ake shiga ba a fita ba ta bukatar makulli.

Kafin mako ya zagayo littattafan sun cika har bango. Mutane suna layi a shagon mai aski, ba don aski ba, don su rubuta lamba. Ɗari takwas ta zama dubu tara.

Ranar ɗaya ga wata ya hau ofis da sassafe, ya ɗora lambar Dogo a saman jeri, ya duba ta sau uku. Amma hali zanen dutse ne. Hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara biyu, ya tura gwaji zuwa wayar Inna. A wajensa gwaji ba saƙo ba ne, kamar yadda mai girki ba ta lissafa ɗanɗanon gishiri a cikin ci. Inna ta ce ta yi ƙara. Sannan ya saki na jama'a, ya tsaya a taga yana jiran a fito da gawar Dogo.

Dogo ya fito da ƙafarsa da azahar yana sakace. Inna kuwa matar Mai Saƙo ta same ta zaune a kan tabarma, wayar a cinyarta, jikin ya riga ya yi sanyi. Aka ce tsufa ne. Shi ma ya ce tsufa ne, ya kuma zagi boka a ransa da cewa rabin aiki ya yi.

Ɗaya rabin kuwa ya ci. Burodin duk shagon da ya yi wa talla na ƙarewa kafin ya huce, tela ta ɗauki mataimaka biyar. Mai burodi ya dawo yana sunkuyar da kai, Mai Saƙo ya bar shi tsaye a rana awa biyu kafin ya ce a shigo da shi. Ya tashi daga saman masu faci ya kama bene guda, ya ɗauki mata uku masu zuba lambobi, ya sayi gida mai gareji. Matarsa ta daina gori, ta koma tambaya. Ta ce wane irin saƙo ne ke sa mai sanƙo ya je aski sau biyu a mako? Ya ce ta ci abin da aka ba ta, baki ɗaya ba ya tauna da tambaya lokaci guda.

Wata na biyu ya kama. Ƙaramar wayar Inna tana hannun Auta, ya riƙe ta don tunawa. Mai Saƙo ya tura gwaji, Auta ya amsa daga bakin sitiyari cewa ta yi ƙara, yaya. Da yamma aka kawo shi ɗaure da igiyar kaya. Ya tsayar da mota a tsakiyar titi, ya yayyage tufafinsa, yana karanta lambobi da ƙarfi. Aka kulle shi a ɗakin baya. Mai Saƙo ya kasa kunne a jikin ƙofa, sai ya ji jerinsa ne Auta ke karantawa, bi da bi, jerin da bai taɓa gani da idonsa ba. Kuma duk sanda ya kai ƙarshe, da lambar ƙaramar wayar nan yake sake farawa, kafin ta Dogo. A nan ne ya gane wa ya kashe Inna.

Ya koma filin matattun motoci da gudu, ya shaƙe boka ya ce ya yaudare shi. Boka bai ko ɗaga hannu ba.

"Sake ni, mai jinin uwa a yatsa. Ni na danna?"

Ya sake shi, ya durƙusa yana roƙon a warware. Boka ya ce ba a mai da jini cikin jijiya. In kuma wata ya kama bai saki saƙo ba, masu ɗakin za su ɗauki mai turawa. Gaba kura, baya sayaki.

Da mai tsoron Allah ne, da ya ce a ɗauke shi a huta. Shi kuwa ya ce sau ɗaya dai, Dogo ya tafi, sannan ya san dabara. Ana gobe ɗaya ga wata ya bi jerin kaf, ya cire duk wanda suka haɗa jini ko maƙwabtaka. Da safe bai yi gwaji ba. Ya ga lambar Dogo a saman jeri, ya danna.

Abin da bai sani ba, Dogo yana kan hanyar tafiya, a inda babu sabis. Na'ura kuwa ba ta jiran kowa, in ta ƙwanƙwasa ba a buɗe ba sai ta wuce ƙofa ta gaba. Kuma a tsarin jerin, sababbin shiga ne ke zama a sama, ƙarƙashin Dogo. Da sassafen nan matan ofis sun zuba lambobin littafin tela. Ya buɗe rahoton isar saƙo, sai ya ga a layin farko lambar da ya haddace tun yana saurayi. Matarsa ta je ɗinka wa Auta riguna a madadin waɗanda ya yaga, aka miƙa mata biro, ta rubuta.

Ya kira ta. Ta ɗauka.

"Yanzun nan na ga saƙonka," ta ce. "Ashe dai ka iya magana mai daɗi, mutanen waje kake yi wa. Ka biyo da maganin Auta in za ka..."

Ya ji faɗuwar kwano. Ya ji ruwan famfo yana zuba. Ya yi ta kiranta har wayar ta mutu a kunnensa.

A ranar ya farfasa kwamfutocin da ƙafar kujera, matan ofis suka tsere ba takalmi. Ciniki ya ɗauke kamar an rufe famfo, masu shaguna suka yi masa ca, kowa na tsine wa ranar da ya karɓi littafinsa. Dangin matar suka zo suka kwashe kayanta. Aka kai Auta gidan mahaukata, a can ya ƙare yana lissafi. Da wata ya kama babu saƙo, masu ɗakin suka zo karɓar nasu, amma ba su yi masa gatan mutuwa ba.

Yana nan yana yawo a bakin tasha, gashi ya cukurkuɗe, babban yatsansa ya ruɓe har gaɓa. Duk wayar da ta yi ƙara a kusa da shi sai ya daka tsalle ya fizge ta yana roƙon a kashe. Wanda bai san shi ba ya ɗauka ɓarawo ne, an fasa masa kai ya fi a ƙirga. Dogo kuwa har ya yi tumbi.

To, ku masu gaggawa, ku ji da kyau. Mutum ɗari da suka ba ka lambarsu da yardarsu sun fi maka dubu da ka ɗaure da igiyar shaiɗan. Wanda ya ce maka tsaya, ka tsaya, ba maƙiyinka ba ne. Boka ba ya bayarwa, musanya yake yi, kuma ba a gidan maƙiyinka yake karɓa ba. In za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, domin na gidanka ne ke tafiya a tsakar gida ba sa duba ƙasa. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.