Ta Ciki ko Ta Waje

A can da, a ƙasar Jamus, an yi wani mai tsaron gida a wasan ƙwallo da kullum yake mafarkin sa rigar ƙasarsa. Rannan aka kira shi.

A zamanin ba a ɗaura raga, sanduna ne kawai. Ana cikin wasa dusar ƙanƙara ta fara sauka a hankali, fara fat, har 'yan kallo suka koma kamar inuwa. Sai ƙwallo ta wuce shi, ta ɓace.

Alƙalin wasa ya ce, "Ban gani ba. Ta ciki ta bi ko ta waje?"

Kyaftin ɗinsu ya raɗa masa, "Ce ta waje! In aka ci mu, kai da rigar nan sai a mafarki."

Ya shafa rigar, ya ce, "Ta ciki."

Ba a sake kiransa ba.

Ya tsufa yana zama a bakin filin unguwarsu. Da gardama ta kaure, sai yara su rugo: "Kaka, ta ciki ko ta waje?"

Abin da ya faɗa, shi ke nan. Ba yaron da ya taɓa ce masa ya rantse.