Sunan da Na Goge a Takardar Koren Gida

"Malamata, kalle ni ki faɗa min gaskiya. Ke kika goge sunanta?"

Ko ƙofar ofishin malamai bai rufe ba ya jefo min tambayar. Shi ne malamin kiɗa a makarantarmu, ni ce mai kula da ɗaliban Koren Gida, ɗaya daga rukunonin gasa na makarantar, saura wata biyu a ɗaura mana aure. Tsohuwar takardar 'yan gasar magana ce a hannunsa, ya tsinto ta a fayil yana neman sakamakon waƙa. Da ya ɗaga ta saitin taga, sai ga sunan Auta raɗau a ƙarƙashin farin ruwan goge rubutu.

Na waiga wajen ƙofar da ya bari a buɗe.

"Masoyi, ka rage murya mana..."

"Ba zan rage ba! Kin ce min Shugabar makaranta ce ta cire ta."

"Don Allah ka bari in..."

"Ƙanwarki fa! Uwarku ɗaya ubanku ɗaya!"

Ya ajiye takardar a kan teburina a hankali, ya fice. Wallahi da marina ya yi da ya fi min sauƙi.

Auta tana da in'ina. Tun rasuwar mahaifiyarmu take hannuna, ni ce uwa ni ce yaya. A farkon shekarar nan ta ce ita fa sai ta shiga gasar magana, na ɗauka shirme ne irin nata. Ashe da gaske take! Kullum da sassafe tana tsaye gaban madubin ɗakinmu, ta riƙe matajin kai a matsayin abin magana, tana dambe da harafin da ya maƙale mata. A gwajin Koren Gida ita ta zo ta ɗaya, da hannuna na rubuta sunanta.

Sai aka kafe sanarwa a allo: babbar alƙaliyar gasar ita ce Mama, mahaifiyar masoyina, tsohuwar malama da ba ta ɗaukar wasa. Sau biyu kacal muka taɓa gaisawa, ba ta taɓa jin Auta ta yi magana ba. Zuciyata ta shiga raya min banza: idan ta ce abin a jininmu yake fa? Idan ta ce jikokinta haka za su taso?

Na ɗauko ruwan gogewa. Ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba.

Da na ce mata Shugaba ce ta rage suna, Auta ba ta yi kuka ba. "B-ba komai, Yaya," kawai ta ce. Ta ɗauki jawabin da ta yi wata uku tana gyarawa, ta ba wa yarinyar da ta maye gurbinta, har tana nuna mata inda za ta ja numfashi. Da jawabin nan muka ci kofi.

Ranar da muka yi faɗa da masoyina, da yamma na sami Auta a kicin tana yanka albasa. Ta nuna min wasu takardu a kan firji. Ita ce sakatariyar Koren Gida, ita ke rubuta rahoton shekara, ni kuma in karanta a taron rufe makaranta.

Na karanta a tsaye. Koren Gida ya zo na biyu a waƙar rukuni, duk da mai gangarmu ya karye a hannu. Na ɗaya a wasan kwaikwayo, ranar da gemun ƙaryar wanda ya fito a tsoho ya faɗo a tsakiyar wasa. Na ɗaya a tseren miƙa sanda na 'yan mata. Kofin magana. Suna talatin da bakwai, har da mai jan labule, babu nata ko sau ɗaya. A ƙarshe ta rubuta: "Muna godiya ga malamarmu, wadda ba ta taɓa fifita kowa a kan kowa ba."

Na zauna a ƙasa.

"Auta... ba Shugaba ba ce. Ni ce."

Ba ta ɗago ba. "Na s-sani."

"Kin sani?"

"Ni na kai t-takardar ofis, Yaya. Ruwan gogewar ko b-bushewa bai gama yi ba."

"Shi ne kika yi shiru duk watannin nan?"

"Kina s-sonsa. Kuma tun rasuwar Umma ban ga kina d-dariya haka ba."

Kunya ta rufe ni, na tsani kaina tsana mai tsanani. Na rarrafa na kama ƙafarta ina kuka, ita ce ma take ce min in tashi, wai albasa ce ke damuna.

Ranar taro zauren ya cika maƙil. Mama na layin gaba da tabarau a idonta, masoyina kuma yana gefen dandali wajen kayan kiɗa, ko inda nake bai kalla ba. Aka kira Koren Gida. Na hau.

"Ni ya kamata in karanta rahoton nan," na ce. "Amma ba ni na rubuta ba. Wadda ta rubuta shi, ita ta rubuta jawabin da ya ci mana kofi, kuma ita ta cancanci tsayawa ranar gasa. Ni na goge sunanta, saboda son zuciyata. Auta, ƙanwata... idan kin yarda, ki zo."

Na ɗauka ba za ta taso ba, kuma da ta ƙi da ban ga laifinta ba.

Ta taso.

"K-k-k..." Ta maƙale a kalmar farko. Wani ya ƙyalƙyale a baya. Mama ta juya ta yi masa kallo ɗaya, dariyar ta mutu nan take. Auta ta ja numfashi ta sake gwadawa.

"K-Koren Gida!"

Minti uku ake ba kowane gida, Auta ta yi tara, babu wanda ya kaɗa ƙararrawa. Da ta zo kan gemun da ya faɗo, zauren ya fashe da dariya, wannan karon tare da ita. Da ta iso layin ƙarshe sai ta tsaya ta kalle ni, ta naɗe takardar ba ta karanta shi ba. Tafi ya ɓarke, ni kaɗai na san abin da ta tsallake.

A bakin ƙofa Mama ta tare ni.

"Saboda ni kika goge ta?"

"Eh, Mama."

"Haka kika ɗauke ni kenan?" Ta cire tabarau ta daɗe tana kallona. "In'inarta ba za ta taɓa hana ni karɓarki ba, 'yata. Abin da kika yi ne ya kusa hanawa. Ki zo gida jibi, ki taho min da ita."

Sai ga masoyina. Ya zo ya karɓi jakata ya rataya kamar yadda ya saba, idanunsa sun yi ja.

Auta ce ta fito ƙarshe, ta miƙo min rahoton.

"Kin yafe min?" na tambaye ta.

"Na y-yafe tuni, Yaya."

"To layin ƙarshen fa?"

Ta share min hawaye da bakin mayafinta.

"Shi k-kam sai baɗi. In kin c-cancanta."