Rikodar Marigayi Abdulmalik

Ƙarfe uku da rabi na yammacin Juma'a Malam Nafi'u ya shigo ofishin 'yan sanda na Bodinga, ko hula babu a kansa. Malamin firamare ne a Sifawa, kuma Sufeto Mukhtari ya san shi da natsuwa.

"Yallaɓai, an shiga mani ɗaki. An ɗauke rikodata."

"Zauna, Malam. Wace irin rikoda?"

Nafi'u ya yi bayani yana haki. Shekara biyu ke nan yana gyara wani ɗaki a ƙofar gidansa don ɗaukar sauti. Burinsa ya adana muryoyin tsofaffin mawaƙan noma kafin su ƙare, kuma a kan zaren faifan rikoda irin na da yake so, don a kunnensa sautin zare ya fi na waya daɗi. Ranar Laraba ya je Shagari ya sayi kayan marigayi Abdulmalik, tsohon ma'aikacin gidan rediyo, a hannun matarsa Hajiya Atika: babbar rikoda mai juya faifai biyu, makirufo, lasifika, da 'yar taransifoma.

"Ba rikodar ce ta fi damuna ba," in ji shi. "Akwai kwalin faya-fayai goma sha huɗu. Waɗanga ba sayar mani anka yi ba, amana ce. Muryar mijinta ce a ciki. Na yi mata alkawari zan juye mata su a waya. In sun salwanta, da wane ido zan dube ta?"

Sufeto ya ɗauki hularsa. "Mu je in ga ɗakin."

Ba a fasa kwaɗon ba, kusoshin maƙalarsa aka kwance. An yi aikin ne lokacin da unguwa ta watse zuwa masallaci. A ciki, makirufo da lasifika suna nan yadda aka bar su. A ƙarƙashin tebur akwai wani baƙin akwatin ƙarfe mai nauyi.

"Wannan fa?" in ji Sufeto.

"Ita ce taransifomar. Rikodar ƙirar ƙasar waje ce, ba ta ɗaukar wutarmu kai tsaye. Wanda duk ya jona ta babu wagga, fis zai ƙone, ta yi hayaƙi."

"Wa da wa suka san ka kawo kayan nan?"

"Hajiya, da Naziru mai gyaran rediyo a Shagari, shi yag gwada mana ita. Sai Kamilu, ɗan ƙanen marigayin, da ya kama mana lodi. Ni dai Naziru nike zargi. Ya daɗe yana sha'awarta."

Sufeto ya taɓa akwatin da ƙafa. "Mai gyara ba zai ɗauki rikoda ya bar wannan ba. Ɓarawonka bai san na'urar ba. Kuma ya bar makirufo mai sauƙin sayarwa, ya ɗauki kwalin tsohon zare. Ba kasuwa ta kawo shi ba."

Washegari da hantsi wani kofur ya tuƙa su a mota zuwa Shagari. Hajiya Atika ta karɓe su a zaure, carbi a hannunta. Sufeto ya ba ta labarin abin da ya faru.

"Hajiya, ki gafarce ni," in ji Nafi'u, kansa a ƙasa.

"Ba laifinka ba ne, ɗana."

"Me ke cikin faya-fayan, Hajiya?" Sufeto ya tambaya.

"Hirarraki ne. Maigidana ba ya zama da mutane bai kunna abin nan ba. Har zaman da sunka yi da ƙanensa kan gonar Mandera ya ɗauka, inda sunka yarda rabin gabas na ɗiyata Bahijja ne. Duk su biyun sun rasu. Takarda kuwa ba a yi ba."

"Wa ke noma gonar yanzu?"

"Kamilu. Ga shi nan ma tahe."

Wani mutum mai kimanin shekara arba'in ya jingine babur a ƙofa, ya shigo ya durƙusa ya gaida Hajiya, sannan ya miƙa wa Sufeto hannu biyu.

"Jiya ina ka yi sallar Juma'a, Malam Kamilu?"

"Mandera, ranka shi daɗe. Albasa muke hidda, ban leƙa ko'ina ba."

"Ka ji abin da ya sami Malam Nafi'u?"

"Yanzu nike ji. Allah shi kyauta. Amma Inna, kada ki sa abin ga ranki. Tsohon ƙarfe ne, da an kunna shi sai hayaƙi."

Sufeto ya dubi Nafi'u ta gefen ido, ya yi masa alamar ya yi shiru. Suka yi sallama.

A mota Sufeto ya ce, "Ranar Laraba ta yi hayaƙi?"

"Ko kaɗan. Kamilu na tsaye tay yi aiki lafiya lau."

"To a ina ya ga hayaƙin?"

Shagon Naziru yana bakin kasuwa, cike da matattun rediyo da fankoki. Da ya ga kaki sai ya ajiye abin da yake gyarawa.

"An kawo maka rikodar marigayi Abdulmalik?"

"Ni? Tun Laraba rabona da ita, yallaɓai."

Sufeto ya sa yatsa biyu ya ɗauko wani ɗan fis na gilashi daga kan tebur. Cikinsa ya yi baƙi ƙirin. Ya nuna wa Nafi'u.

"Irin nata ne," in ji Nafi'u. "Rediyon zamani ba su da wanga."

"Naziru, ɓoye kayan sata laifi ne mai zaman kansa. Zan sake tambayarka sau ɗaya."

Naziru ya share gumi, ya shiga ƙurya, ya janye wani buhun albasa. Rikodar tana ƙarƙashinsa.

"Wallahi jiya da la'asar Kamilu yak kawo ta. Ya ce Malam Nafi'u ya fasa saye ya maido. Sai da sahe na ji zancen sata, tsoro ya kama ni."

"Ta lalace?" in ji Nafi'u.

"Fis ne kawai, Malam. Shi yat tsare ta. Na riga na sa wani."

Nafi'u ya sauke ajiyar zuciya, amma nan take ya ɗaga kai. "Faya-fayan fa?"

"Ban gan su ba."

Hanyar Mandera ba ta da kyau, amma a haka suka bi ta har suka isa. A gefen gonar, bayan wata rumfar kara da ake ajiye albasa, hayaƙi yana tashi. Nafi'u ya buɗe ƙofa tun motar ba ta gama tsayawa ba.

Busasshen ganyen albasa ne ke ci. Kamilu yana zaune a kan dutse kusa da wutar, kwalin yana tsakanin ƙafafunsa. Bai yi yunƙurin gudu ba.

"Matsa daga wurin wutar, Kamilu," in ji Sufeto. "Sannu a hankali."

Kamilu ya tashi ya ja baya. Nafi'u ya durƙusa ya buɗe kwalin, yana taɓa faya-fayan ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan, ko zare ɗaya bai warware ba. Ya zauna daɓas a ƙasa yana ta "Alhamdulillahi."

"Naziru ya ba mu rikodar," in ji Sufeto. "Kai kuma da bakinka ka ce tana hayaƙi, alhali ba ta taɓa yi ba sai a hannunka. Me ya sa ka ɗauka?"

Kamilu ya dubi gonar. "Ranar lodi na ji Inna tana cewa za a juye su a waya. Na san zancen gonar yana ciki. Shekara tara nike noma rabin gabas. Nac ce in saurara, in gano faifan, in hidda shi kaɗai, sauran in ajiye inda za a tsinta. Da na jona ta sai hayaƙi."

"Sai ka hura wuta ka ƙone su duka."

"Tun da na baro gidan Inna nike zaune nan, ranka shi daɗe. Na kasa. Muryar babana tana ciki. Ban da ita ko'ina, ko hotonsa guda ne."

Sufeto ya yi masa nuni da mota. "Maganar gona ta alƙali ce, da ka je can da an saurare ka. Shiga ɗakin mutum kuwa tawa ce. Mu je."

Kofur ɗin da ya tuƙo su ya sa masa ankwa. A bakin mota Kamilu ya juyo.

"Malam Nafi'u, in ka juye, ko zan samu in ji wurin da babana ke magana?"

"Sai na tambayi Hajiya," in ji Nafi'u. Ya dubi kwalin. "Amma na san abin da za ta ce. Za ka ji."

Aka shigar da Kamilu baya. Kofur ya buɗe but ɗin motar ya miƙo hannu zai karɓi kwalin. Nafi'u ya girgiza kai, ya shiga mota ya ɗora shi a cinya, ya rungume da hannu biyu. Da suka fara tafiya ya ce wa direban, "Don Allah, Kofur, ka bi ramukan nan a hankali."