Rigar Auren Tuva

Ranar Lahadi ce a garin Voss, Oddny ta cika tebur da naman rago da kabeji, ta kafa wa Tuva ido. Tuva ce yarinyar da ɗanta Sindre zai aura. Tun da aka zauna take yanka dankali ƙanana-ƙanana, ko ɗaya bai kai bakinta ba.

Oddny kuwa a taɓa komai nata, ban da tukunyarta. Tuva na fita ta tare ɗan, ta ce iyayi ne kawai da raini, kuma wadda ta bushe kamar kara ina za ta iya riƙe gida? Ya nemi wata.

“Mama, ba raini ba ne, ciwo ne. Tsoron abincin take ji.”

“Tsoron dankali? Allah ya sawwaƙe.”

Ba a rufa wata ba Tuva ta yanke jiki ta faɗi a wurin aiki, zuciyarta na bugawa da ƙyar. Likita ta ce wannan cuta tana kisa. Mai ita kan dubi madubi ta ga ƙiba, alhali ƙashi ne da fata. In an sallami Tuva daga asibiti, dole wani ya zauna da ita duk lokacin cin abinci, ba faɗa, ba magiya, ba zancen jikinta. To ga Sindre a rijiyar mai yake aiki can tsakiyar teku, iyayenta kuma sun rasu.

Gaban uwarsa ya je, ƙato da shi yana hawaye. Ya ce ko ta yarda ko ba ta yarda ba, ba zai bar Tuva ba, amma shi kaɗai ba zai iya ba.

Ɗa ne fa. Da ƙunƙuni ta ɗauki kwandon saƙarta ta tafi wurin Tuva.

Wai Oddny ce za ta zauna gaban faranti ba ta ce “ƙara” ba! Ta sha cizon leɓe. Wata rana Tuva ta ci, wata rana ta yi ta kuka a kan yankin burodi guda. Nan tsohuwar ta gane ba tukunyarta aka raina ba. Sai ta ajiye saƙar, ta riƙe hannun Tuva, ta shiga ba ta labarin ƙiriniyar Sindre har burodin ya ƙare.

Sanyi ya wuce, wani ya zo, Tuva na zuwa ganin likita, jiki na dawowa a hankali. Da biki ya matso ta gwada rigar gargajiya da uwarta ta bar mata, rigar ta ƙi rufuwa. Ta durƙushe tana kuka, ta ce daga yau ta daina cin abincin rana. Oddny ta karɓi rigar ta juya cikinta, ta nuna mata yadin da aka naɗe a kowane ɗinki.

“Duba nan, ’yata. Uwarki ta bar miki wuri. Ta san mai rai ƙaruwa take yi. Riga ake buɗewa, ba mutum ake ragewa ba.”

Ta sa almakashi ta farke zaren. Tuva ta daɗe tana shafa yadin, sannan ta ce a hankali, “Mama, rana ta yi. Zauna da ni.”

A cikin rigar aka yi bikin, Sindre sai kallonta yake. Har yau akwai ranakun da faranti ke yi mata nauyi, amma ba ta zama gabansa ita kaɗai. Mai irin wannan ciwo ba gori yake bukata ba, likita yake bukata, da wanda zai yi haƙurin zama kusa da shi.