Ƙofar Motar Ɓawon Ƙwai

Da hantsin Litinin Goggo Lua ta shiga ɗakin raɓa, inda ake ajiye kayan da aka shafa wa ƙaro, ta tarar ƙofar motar ta yi ƙafa. Motar gwaji ce ta wani kamfani, babu irinta. Maimakon fenti, an lulluɓe jikinta da ɓawon ƙwan agwagwa da ƙaron wata bishiya da ake kira son, aikin da muka gada a garinmu Ha Thai. Wata takwas tsohuwar tana kanta, ranar Juma'a kuma za a kai ta baje koli a Hanoi. In babu ƙofa, kamfani zai koma fentinsa, mutum ashirin su rasa aiki.

Sufeto Tuyen, 'yar garin ce, ta iso a babur. Ta ga an watsar da jiƙaƙƙun buhunan da ake rufe kaya, an kuma kunna fanka.

Ta fara da maigadi. "Kawu Kha, jiya da rana kana ina?"

"Gidan Lua, wajen walimar tunawa da mahaifinta. Kowa ya ga irin cin da na yi, 'yata."

Wannan kam gari ya shaida. Sai Tham mai goge kaya, wadda suka yi cacar baki da Goggo ranar Asabar.

"Ni? In zan cuci tsohuwar nan da baki zan yi, ba da hannu ba. Kuma ni mahaukaciya ce da zan kunna wa ɗanyen ƙaro fanka?"

Tuyen ta yi dariya ta sallame ta. Saura baƙi biyu daga kamfani, Vinh mai zanen motar da Dinh jami'in talla. Duka suka rantse ba su da hannu.

"To, ku dawo gobe mu sha shayi," in ji ta.

Goggo Lua ta kusa haɗiye zuciya. "Shayi? Ƙofata na can tana lalacewa!"

"Yi haƙuri, Goggo. Bishiya za ta yi mana aikin."

Washegari, ana zafi kamar gidan burodi, Vinh ya zo da 'yar shara. Dinh kuwa ya zo da riga mai dogon hannu, maɓalli har wuya, yana ta mutsu-mutsu a kujera.

"Yaya Dinh, karɓi shayi. Da hannu biyu mana," in ji Tuyen.

Wayyo! Yana miƙa hannu, hannun rigar ya ja baya: yatsun sun kumbura suntum, ƙuraje har gwiwar hannu.

Tuyen ta ce, "Ƙaron nan raɓa ke busar da shi, iska ɓata shi take. Ɗan gari ba zai kunna fanka ba, sai baƙon da ya ji ƙofa na manne masa a hannu, ya so ta bushe ya ɗauka. Mu jikinmu ya saba da ƙaron. Baƙo kuwa, bayan kwana ɗaya sai ya ci shi. Ina ƙofa?"

Dinh ya sunkuyar da kai ya amsa laifi. Wani kamfani ne ya yi masa alkawarin muƙami in ya kai musu ita. Tana banɗakin masaukinsa, bayan randar wanka.

Goggo Lua ta je da kanta. Ta shafa ƙofar, sai ta fashe da dariya. Laimar banɗakin ta busar da shafin sumul, babu ko tsaga. Daɗi ya kama ta ba kaɗan ba.

Kafin a tafi da Dinh ta miƙa masa ƙunshin ganye. "Ungo, ɗana, dafa ka yi wanka, ƙaiƙayin zai lafa. Ɓarawo ne kai, amma wallahi ka iya shanya."